Style: Ma'anoni da Amfanin Kalmar a Harshen Ingilishi

*Style* kalma ce ta Ingilishi da aka fi fassarawa da "salo", wato yadda ake yin abu, ba abin da ake yi ba. Ana furta ta kamar "stayil", Bahaushe kuma ya kan ce "sitayil" domin harshensa ba ya haɗa baƙaƙe biyu a farkon kalma. Tana zuwa a matsayin suna, tana kuma zuwa a matsayin aikatau. Sai dai "salo" bai ɗauke dukan nauyinta ba: a wani wurin tana nufin yayi, a wani wurin lakabin girmamawa, a wani wurin tsarin kalanda, a wani wurin ma wani sashe ne na fure.

## Asali

Tushenta kalmar Latin ce, *stilus*, sunan wani ɗan tsinke na ƙarfe ko ƙashi da Rumawa ke rubutu da shi. Allonsu katako ne da aka rarake tsakiyarsa aka cika da kakin zuma. Baki ɗaya na tsinken mai tsini ne, da shi ake karta haruffa a kan kakin. Ɗaya bakin mai faɗi ne, da shi ake shafe kuskure a lallaɓe wurin ya koma sumul. Daga nan Rumawa suka sami maganar "juya tsinke" da ma'anar gyara rubutu, har mawaƙinsu Horace ya shawarci mai son a sake karanta aikinsa da ya yawaita juya tsinkensa.

Tun a zamanin Rumawan sunan abin rubutun ya fara zamewa ya koma kan rubutun kansa. Wannan ba baƙon abu ba ne ga Bahaushe, wanda ke cewa alƙalamin wane yana da kaifi alhali ba karan alƙalamin yake nufi ba. Kalmar ta bi ta tsohon Faransanci ta shiga Ingilishi wajen shekarar 1300, ana rubuta ta *stile*.

Harafin y da ke cikinta yanzu kuskure ne da ya zauna da gindinsa. Masu ilimi na baya sun ɗauka kalmar ta fito daga *stylos* ta Girkanci, mai nufin ginshiƙi, sai suka gyara rubutun ya dace da wannan zato. Ingilishi da Faransanci sun bi y. Italiyanci da ke rubuta *stile*, Jamusanci mai *Stil* da Sifaniyanci mai *estilo* sun tsaya a kan i ta asali. Akwai wata kalmar Ingilishi dabam, *stile*, matakalar tsallaka shingen gona, wadda furucinsu ɗaya amma ba su haɗa dangi ba.

## Salon magana da rubutu

Wannan ita ce tsohuwar ma'anar da sauran suka tsiro daga cikinta. Salon marubuci ya ƙunshi kalmomin da ya zaɓa, tsawon jimlolinsa, yadda yake jera su, da adon maganar da yake sawa ko yake gujewa. Masana balagar Rum sun kasa salo gida uku. Cicero, a shekara ta 46 kafin haihuwar Annabi Isa, ya ɗaura kowanne da aikinsa: sassauƙan salo domin kafa hujja, matsakaici domin faranta wa mai sauraro, maɗaukaki domin motsa zuciya. Gwani a wurinsa shi ne wanda ya san lokacin da zai sauya daga wannan zuwa wancan. A 1753 masanin Faransa Buffon ya faɗi maganar da aka fi jingina wa wannan fage, cewa salo shi ne mutumin kansa.

Fannin da ke nazarin wannan shi ne *stylistics*, wanda a sassan Hausa na jami'o'i ake kira nazarin salo. Malaman da suka yi karatun Larabci kuma sukan ce uslubi.

## Ƙa'idar gidan ɗab'i

A bakin editoci kalmar ta ƙuntata sosai. *House style* ba ya nufin daɗin rubutu. Yana nufin matsayar da jarida ko kamfanin buga littattafai ya ɗauka a kan abubuwan da ke da fuska biyu kuma duka daidai ne. Za a rubuta *colour* irin na Ingila ko *color* irin na Amurka? Rana za ta riga wata ko wata ya riga rana? Daga wace lamba za a daina rubutawa da kalmomi a koma alƙaluma? Littafin da ke tattara waɗannan amsoshi shi ne *style guide*. Na maɗaba'ar Jami'ar Chicago ya fara fitowa a 1906, tsarin APA na ƙungiyar masana halayyar ɗan'adam ta Amurka kuma ya faro a 1929.

Nan ne ɗalibai ke yawan tuntuɓe. Idan malami ya ce a yi amfani da *APA style*, yana magana ne a kan yadda za a kawo madogara: sunan marubuci da shekara a cikin rubutu, sannan jerin manazarta a ƙarshe bisa tsarin abacada. Tsarin MLA, na ƙungiyar masana harsunan zamani ta Amurka, kuwa sunan marubuci da lambar shafi yake so. Kuskuren da aka fi yi shi ne gauraya su, domin ɗalibi ya kwafo kowace madogara daga inda ya gan ta da irin tsarin da ta zo da shi. Babu tsarin da ya fi wani gaskiya. Abin da ake bi shi ne a ɗauki ɗaya a riƙe shi daga shafin farko zuwa na ƙarshe.

## Sutura, yayi da iya ado

A kasuwa da shagon tela, kalmar na nufin samfurin ɗinki ko na kitso, kuma da wannan ma'anar ce ta fi shiga bakin Hausawa: "Hajiya, wane sitayil za a yi miki?" Masu Ingilishi sukan bambanta ta da *fashion*. *Fashion* yayi ne, na jama'a ne, yana zuwa ya wuce. *Style* kuwa na mutum ne, yadda ya iya zaɓe da haɗawa ko da kayan ba na yayi ba ne.

Nahawu na da hannu a nan, kuma wuri ne da ya kamata mai koyo ya tsaya. Idan kalmar ta zo da *a* ko ta zama jam'i, tana nufin iri, babu yabo babu zagi: *a style of cap* wani nau'in hula ne kawai. Idan ta zo ita kaɗai, ta zama yabo: *she has style* na nufin ta iya ado, ko tana da wani fasali na yin abu da ke burge mutane. Saboda haka *he has no style* kushe ne, alhali *he has a strange style* bayani ne.

*In style* fuska biyu gare ta. A *long gowns are in style*, dogayen riguna ake yayi. A *they arrived in style*, sun iso ne cikin ƙasaita da alfarma. Kishiyarta *out of style* ta farkon kaɗai take warwarewa, wato an daina yayi. *In the style of* kuma kwaikwayo ne. A kasuwar zane-zane wannan magana tana da nauyin kuɗi: idan takardar gwanjo ta ce hoto na bisa salon wani shahararren mai zane, tana sanar da mai saye ne cewa ba hannun gwanin ne ya zana shi ba.

A Ingilishin Najeriya da Fijin, wato Broka, akwai wata ma'anar da ba a san ta a Ingila ba. *Use style* na nufin yin abu da dabara ko a fakaice: *he used style to leave* wato ya sulale ba tare da an lura ba. Idan aka rubuta wa Bature wannan, zai iya ɗauka ana yabon tafiyar mutumin ne.

## Lakabin girmamawa da sunan kasuwanci

A harshen fada da gwamnati, *style* shi ne lafazin da ake gabatar da mai muƙami da shi, kuma ya bambanta da *title*. Misali daga gida ya fi saurin fito da bambancin: "Sarkin Zazzau" sarauta ce, wato *title*, "Mai Martaba" kuwa shi ne *style*. Haka *His Royal Highness* ga sarakuna, *His Eminence* da ake fassara Mai Alfarma ga Sarkin Musulmi, *His Excellency* ga gwamna ko jakada, *His Majesty* ga sarkin Ingila, *His Grace* ga mai sarautar *duke*. Ana cewa *Your* idan da mutumin ake magana ido da ido, *His* ko *Her* idan labarinsa ake bayarwa. Masu rubuta wasiƙa da masu gabatarwa a taro na yawan juya su.

Daga nan aikatau ya fito: *he styled himself General*, ya laƙaba wa kansa janar. *Self-styled* kuwa kalmar shakka ce. Idan jarida ta kira mutum *self-styled doctor*, tana cewa shi ya ba kansa likitanci, ba hukuma ba. Fassarar da ta dace ita ce "mai kiran kansa" ko "mai iƙirarin". Wanda ya fassara ta da "mai salon kansa" ya mai da zargi yabo.

A takardun kotu da na rajistar kasuwanci a Najeriya ana yawan ganin *trading under the name and style of*. Ma'anarta mutum yana kasuwanci da wani suna wanda ba nasa na yanka ba, kuma sunan ba kamfani ne mai zaman kansa a idon doka ba, don haka mai shi ake kai ƙara.

## Tsohuwar kalanda da sabuwa

A littattafan tarihi ana ganin O.S. da N.S. bayan kwanan wata, wato *Old Style* da *New Style*. Na farko lissafin kalandar Julius Kaisar na Rum ne, na biyu na Gregory. Kalandar Julius ta ɗauki shekara a kan kwana 365 da kwata, wanda ya zarce shekarar rana da kimanin minti 11, kuma wannan ɗan ƙari ya taru cikin ƙarnoni. A 1582 Fafaroma Gregory na 13 ya gyara: aka kwana 4 ga Oktoba aka tashi 15 ga Oktoba. Birtaniya da ƙasashen da ke ƙarƙashinta ba su bi ba sai 1752, inda 14 ga Satumba ta biyo bayan 2 ga Satumba, aka kuma mayar da farkon shekara daga 25 ga Maris zuwa 1 ga Janairu. Shi ya sa haihuwar George Washington, shugaban Amurka na farko, ke da kwanan wata biyu: 11 ga Fabrairu 1731 a tsohon lissafi, 22 ga Fabrairu 1732 a sabo. Rasha ta sauya a 1918, don haka juyin juya halin da ake kira na Oktoba 1917 ya faɗo ne 7 ga Nuwamba a sabon lissafi.

Tazarar ba ɗaya ba ce a kowane zamani. Kwana 10 ce daga 1582 zuwa 1700, ta zama 11 zuwa 1800, 12 zuwa 1900, sannan 13 daga nan har yau. Mai ƙara 13 a kan kowane tsohon kwanan wata zai kuskure da kwana ɗaya zuwa uku.

## A kimiyya da kwamfuta

A ilimin tsirrai, *style* siririn wuya ne a sashen mace na fure, tsakanin kan da ƙurar fure ke sauka da mahaifar da iri ke zama. Manomi ya san shi ko bai san sunan ba, domin gashin masara shi ne. Kowane sili ɗaya yana haɗe da ƙwaya ɗaya a jikin totuwa, kuma sai ƙurar furen saman masarar ta sauka a kansa, ta tsiro ta bi cikinsa, kafin ƙwayar ta cika. Idan fari ya sa gashin ya makara fitowa har ƙurar ta ƙare, sai a ɓare masara a tarar da giɓi-giɓi.

A agogon rana, *style* shi ne gefen sandar da inuwarsa ke nuna lokaci. Dole ya karkata daidai da layin da duniya ke juyawa a kai, wato kusurwarsa ta yi daidai da nisan wurin daga layin da ya raba duniya kudu da arewa: kusan digiri 12 a Kano, 51 da rabi a Landan. Agogon da aka ƙera domin Landan ba zai faɗi gaskiya a Kano ba.

A manhajar rubutu irin Microsoft Word, *style* tarin umarni ne mai suna guda: nau'in harafi, girmansa, launinsa da tazarar layi. Wanda ya sa wa kanun babi *Heading 1* zai iya sauya kamannin dukansu a lokaci ɗaya, kuma manhajar za ta fitar masa da jerin abubuwan da ke ciki da kanta. Wanda ya yi ta ƙara wa kanun kauri da hannu ba zai sami wannan ba, domin manhajar ba ta san kanu ba ne. Shafukan intanet ma haka suke: CSS, wato *Cascading Style Sheets*, wanda Håkon Wium Lie ya gabatar a 1994 aka amince da shi a 1996, yana raba kamannin shafi da abin da shafin ya ƙunsa.

## Kalmomin da suka tsiro daga gare ta

*Stylish* mai kyan ado ne, *stylistic* kuwa abin da ya shafi salo, ba a musanya su. *Stylist* mai gyaran gashi ne ko mai zaɓa wa mutum sutura, wani lokaci kuma marubucin da ya ƙware a sarrafa harshe. *Stylized* zane ne ko motsi da aka sauƙaƙa bisa wata ƙa'ida maimakon kwaikwayon zahiri, kamar dagin da ake yi a bangon gida. *Lifestyle* yanayin rayuwa ne. *Freestyle* a gasar ninƙaya na nufin kowa ya yi irin da ya ga dama, amma kusan kowa rub-da-ciki mai wurga hannu yake yi saboda ya fi sauri. Ana kuma liƙa kalmar a bayan wata domin nuna kama, kamar *Italian-style*, abin da aka yi irin na Italiya ko da ba daga can ya zo ba. *Stylus* kuwa ta riƙe ma'anar farko: a da allurar garmaho ce, yanzu kuma ɗan tsinken da ake rubutu da shi a fuskar waya.