Waiwaye: Tambayoyin da ake yi wa matar da aka doka kafin a ce ta koma ɗakinta

A Kaduna, idan mace ta yi yaji ta iso gidan iyayenta da kumburarriyar fuska, kusan kowa ya san yadda za ta kaya. Za a kira waliyyi, miji ya turo 'yan biko, a zauna a zaure a ce harshe da haƙori ma suna saɓawa, sannan a rako ta ɗakinta. Sau da yawa sulhun kan yi amfani. Sai dai masu sulhun ba su da ma'aunin da za su bambance rigimar da za ta wuce da wadda za ta kai mutum makabarta.

A Amurka aka fara neman wannan ma'auni. A tsakiyar shekarun 1980, wata ma'aikaciyar jinya, Jacquelyn Campbell, wadda daga baya ta zama farfesa a Jami'ar Johns Hopkins, ta tsara jerin tambayoyin da ake yi wa matar da aka doka domin a auna haɗarin da take ciki. Binciken da ta jagoranta a birane 11, wanda aka buga a 2003, ya nuna cewa kisan ba ya faɗowa daga sama. Yana da alamomi: miji ya mallaki bindiga, ya taɓa yi mata barazana da makami, yana zaune ba aikin yi, yana sa mata ido kan duk motsinta. Wani binciken na 2008 ya gano cewa matar da aka taɓa shaƙe wa wuya, haɗarin a kashe ta ya ninka kusan sau bakwai. Shaƙa kuwa sau tari ba ta barin tabo, shi ya sa a wajen sulhu ba a ɗaukar ta da nauyi kamar karaya.

Abin da ya fi shafar mu shi ne batun rabuwa. Lokacin da mace ta tattara kayanta, ko ta kai ƙara tana neman saki, yana cikin lokutan da suka fi haɗari, musamman idan mijin mai tsananin kishi ne. Wato ranar da dangi suka saki jiki suna cewa ai ta tsira, ita ce ranar da ya kamata a ƙara sa ido.

Daga nan gwamnatoci suka ɗauka. A 2003 birnin Kadif na Birtaniya ya fara zaunar da 'yan sanda da ma'aikatan lafiya da jami'an walwala a tebur ɗaya kan matan da ke cikin babban haɗari. A 2005 jihar Maryland ta Amurka ta ba 'yan sanda tambayoyi 11, idan amsoshin suka nuna haɗari, ɗan sandan ya buga wa masu agaji waya nan take ya miƙa wa matar. Ƙasar Sifen ta kafa nata tsarin auna haɗari na kwamfuta a 2007.

A nan gida, doka ta daɗe tana kallon wani wajen. Sashe na 55 na tsohuwar dokar hukunta laifuka ta Arewa ya bai wa miji damar "ladabtar" da matarsa muddin bai yi mata mummunan rauni ba. Sai a 2015 aka samu dokar tarayya ta hana cin zarafin mutane, jihar Kaduna kuma ta yi tata a 2018, wadda ta ba kotu ikon hana mai duka kusantar wadda yake cutarwa. Akwai kuma cibiyoyin Salama, masu kula da waɗanda aka ci zarafinsu, a asibitocin gwamnati, irin su na Kakuri da Zariya da Kafanchan.

Amma a ganina, mafi yawan matan nan ba kotu suke fara zuwa ba. Wajen uwa ne, ko mai unguwa, ko limami, ko malamar asibiti ranar awo. Tambayoyin kuwa ba sa buƙatar kwamfuta. Ya taɓa shaƙe ki? Ya taɓa cewa zai kashe ki? Dukan ƙaruwa yake yi? Ke a zuciyarki, kina jin zai iya halaka ki? Masu wannan aiki a ko'ina sun dage kan sharaɗi guda: a keɓe ake yi wa mace waɗannan tambayoyi, ba a gaban mijin ko 'yan bikonsa ba.