Ɗaukar fim a cikin babban birni

Ɗaukar fim a cikin birni ita ce fita da kyamara daga situdiyo zuwa tituna, gadoji, tashoshi da unguwannin da jama'a ke zaune. Tun farkon sana'ar ake yin haka: a 1895 'yan'uwan Lumière suka ɗauki ma'aikata suna fitowa daga masana'antarsu a Lyon ta Faransa. A 1927 Walter Ruttmann ya yi fim wanda jaruminsa birnin Berlin ne, daga asuba har dare. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu kuwa, daraktocin Italiya sun bazama titunan Rum, domin an mayar da situdiyon Cinecittà sansanin 'yan gudun hijira.

Birnin da ake gani a allo zaɓi ne na mai ɗauka. Gilashin kyamara mai janyo nesa yana matse abin da ke gaba da na baya, sai titi mai mutum hamsin ya zama tamkar ba masaka tsinke. Gilashi mai faɗin gani, idan aka kafa shi ƙasa-ƙasa, yana miƙar da benaye, mutum ya koma ɗan mitsitsi. Titi ɗaya, ma'ana biyu.

Haske ne ya fi wahalar da ma'aikata. Tsakanin dogayen gine-gine rana ba ta sauka ƙasa sai na 'yan sa'o'i, inuwa kuma tana tafiya. Fitowar da aka fara da hantsi aka ƙarasa bayan azahar ba za ta haɗu ba wurin haɗa hotuna. Shi ya sa mai neman lokeshan ke zuwa wurin a daidai lokacin da za a yi aikin, ya ga inda rana take. Da dare matsalar launi ce. A ma'aunin launin haske da ake kira Kelbin, hasken rana yana kusan 5600, kwan fitila mai zare 3200, tsofaffin fitilun titi na sodiyam suna ba da ruwan lemo, na LED kuma fari-fari, kyamara kuwa launin haske ɗaya kawai za a saita mata. Akwai kuma ƙyaftawar fitila, wadda ido ba ya gani amma kyamara ke kamawa. A Turai wutar lantarki tana juyawa sau 50 a daƙiƙa, a Amurka sau 60, don haka ake sa saurin buɗewar kyamara a 1/50 ko 1/60 na daƙiƙa gwargwadon ƙasar. Wanda ya manta zai tarar da layuka suna yawo a hotonsa. Jiƙa kwalta da tankar ruwa kafin ɗaukar dare tsohuwar dabara ce, kuma har yau tana da kyau: jiƙaƙƙen titi yana maido da haske, duhun ya daina zama rami.

Sauti kuma birni ba ya yin shiru don kowa. Ana maƙala wa ɗan wasa ƙaramin makirufo a cikin riga, a ɗauki kamar minti ɗaya na hayaniyar wurin zalla don cike giɓi, maganar da ƙarar mota ta cinye kuma a sake ta a situdiyo.

Rufe titi sai da izinin hukuma, galibi tare da inshora da 'yan sanda. New York ta buɗe ofishi na musamman don wannan a 1966, zamanin magajin gari John Lindsay. Yawanci ba a rufe hanya gaba ɗaya. Ana tsayar da motoci na 'yan mintuna, a ɗauka, a sake su. Masu wucewar da ake gani a bayan jarumi galibi 'yan haya ne, kowa da inda zai taka. Tsada da wahalar izini kan sa wani birni ya tsaya a madadin wani. Toronto ta sha fitowa a matsayin New York, bayan an canza allunan tituna, lambobin motoci da fentin tasi.