Rinin Baba da Marina a Ƙasar Zamfara

Rinin baba sana'a ce ta mayar da farin yadi ko zare shuɗi ko baƙi, ta hanyar tsoma shi a ruwan da aka jiƙa ganyen baba da toka. Masu yin ta su ne marina, wurin aikinsu kuma karofi. Ta daɗe a ƙasar Zamfara, domin ƙasa ce ta auduga, kuma duk inda ake kaɗi da saƙa ba a rasa marini kusa.

Sana'ar ta gado ce, ta maza, kuma ba a yin ta a ɗaiɗaice. Ramukan rini suna haɗe a fili ɗaya, yawanci kusa da rijiya ko rafi, kowane rami da mai shi. A kan marinan akwai Sarkin Marina, wanda yake wakiltarsu a fada, yake raba gardama tsakanin marini da mai kaya idan tufa ta ɓace ko ta lalace. Yaro yakan fara da ɗebo ruwa, da tankaɗe toka, da shanya. Sai ya daɗe kafin a bar shi ya haɗa baba da kansa, saboda kuskure ɗaya yana iya jawo asarar rami guda cur.

Ramin kamar rijiya yake, bakinsa bai cika wuce mita 1 ba, zurfinsa kuwa daga mita 2 zuwa 4, wani ma ya fi haka. Ana shafe cikinsa da laso, wato haɗin katsi (lakar gindin tsohon ramin rini) da ruwan dafara (wani tsiro mai yauƙi) da gashin dabba. Gashin shi ke riƙe shafen kada ya tsage, dafara kuma ta ba shi danƙo. Idan laso bai bushe sosai ba aka zuba ruwa, ramin zai riƙa tsiyaya ta ƙasa, marini ya wayi gari ruwa ya ja baya.

Baban kansa ana yanke shi ne wajen ƙarshen damina, kafin ganyen ya tsufa ya zube. A daka shi, a cura, a shanya ya bushe ƙarau. Wanda aka adana da laima ruɓewa yake yi, ƙarfinsa ya tafi. In za a haɗa, sai a cika rami da ruwa, a zuba toka da ƙonannen katsi, sannan baba, a rufe. Katsi shi ne laka mai kauri da take kwantawa a gindin ramin da ya gama aiki. Akan kwashe shi, a cura, a ƙona, ya sake komawa rami, don haka a karofi ba a zubar da shi.

Daga nan sai jira da motsawa, kuma a nan gwanintar take. Launin baba ba ya narkewa a ruwa haka kawai. Ƙananan ƙwayoyin halitta ne da ido ba ya gani suke cinye iskar da ke cikin ruwan, su sauya launin ya narke har ya iya shiga zare, kuma ba sa wannan aiki sai ruwan yana da kaifin toka daidai da ɗumi daidai. Marini yakan zura muciya, doguwar sanda, ya motso abin da ya kwanta safe da yamma. Da zafi baba kan nuna cikin mako guda ko kusa da haka. Da hunturu yakan ja lokaci, shi ya sa ake rufe bakin rami da murfin ciyawa. Alamar nuna ba ta ɓuya: kumfa mai launin shuɗi da ɗan ja-ja tana taruwa a sama, ruwan da ke ƙarƙashinta ya koma kore-kore, warin ma ya canza. Tsofaffin marina har ɗanɗana shi suke yi a harshe, su murza a yatsa su ji santsinsa. Toka ta yi yawa, rinin ba ya kama yadi da kyau. Ta yi kaɗan, ruwan ya yi tsami ya ruɓe. Ruwan sama idan ya kwarara ciki yana tsinka haɗin, motsawa da garaje kuma tana cusa iska ta kashe baban.

Kafin tsomawa dole a wanke yadi a fitar da sitaci da maiƙo, a sa shi da danshinsa. Busasshen yadi ko mai sitaci dabbare-dabbare yake fitowa. Ana tsoma shi a murza a ƙarƙashin ruwa na ɗan lokaci, a ciro, a matse, a baza. Yakan fito kore, sai iska ta buge shi ya rikiɗe shuɗi a gaban idon mai kallo. Duhun launi daga yawan maimaitawa yake zuwa, ba daga daɗewa a ciki ba. Baƙi mai kyau yana iya cin wuni. Mai son zane sai ya ɗaɗɗaure yadin da zare ko ya ɗinke shi tam, wurin da aka ɗaure ya fito fari. Wannan ɗauri mata ne suka fi yin sa a cikin gida.

Bayan rini sai bugu. Mabuga suna naɗe tufar a kan gungume mai santsi, su yayyafa ruwa, su bi ta da manyan guduma na itace har ta ɗauki sheƙi. Idan ana son sheƙin nan mai ɗaukar ido na rawani, irin wanda Buzaye suke so, akan ƙara garin shuni a buga shi ciki.

Sana'ar ta ja baya ƙwarai. Kamfanin BASF na Jamus ya fara sayar da shunin masana'anta a 1897, jirgin ƙasa kuma ya iso Gusau da Ƙauran Namoda a ƙarshen shekarun 1920, yana kwasar auduga yana kawo yadin kanti. Yau yawancin masu rini galura suke amfani da ita, da soda, a cikin ganga ko baho, su gama shadda a sa'o'i kaɗan. Aikin yana da sauri da launuka iri-iri, amma soda tana cin hannu, dole sai da safar roba mai tsawo, ruwan da aka gama da shi kuma bai kamata a zubar kusa da rijiya ko mashayar dabbobi ba.