Wai Lincoln ne ya 'yanta bayin Amurka duka rana ɗaya?

Mutane da yawa sun ɗauka da Lincoln, shugaban Amurka na lokacin, ya sa hannu a takardar shelar 'yanta bayi ranar 1 ga Janairu 1863 shikenan bauta ta ƙare. Ina! Jihohin kudu masu tawaye kawai ta shafa, inda ba a ma jin maganarsa, su kuwa Kentucky da Maryland da Delaware da Missouri da ba su ɓalle ba ko taɓa su bai yi ba, don kar su fusata su koma ɗaya ɓangaren ana tsakiyar yaƙin basasa. Sai inda sojan arewa suka shiga bayi ke samun kansu, na Texas ma sai 19 ga Yuni 1865 Janar Granger na sojan arewa ya kai musu sanarwar a garin Galveston. Gyaran tsarin mulki na 13 ne ya soke bauta a Disamba 1865, har lokacin akwai bayi a Kentucky.