Nawa Burodi Ɗaya Ke Ci Kafin Ya Fito Daga Tanda? Tambayoyi da Amsoshi kan Sarrafa Kaya

Yawancin masu ƙananan masana'antu sun san abin da ya shigo aljihunsu yau, amma ƙalilan ne za su iya gaya maka nawa kaya ɗaya ya ci kafin ya isa hannun mai saye. Gidan burodi na ɗauka a matsayin misali, tunda da wuya a rasa shi a gari, amma lissafin ɗaya ne ga mai injin casar shinkafa, da mai tatsar man gyaɗa, da mai ruwan leda.

Mene ne ake nufi da tafiyar da aikin sarrafa kaya?

Shi ne tsara yadda ɗanyen kaya zai shiga, ya bi ta hannun ma'aikata da injuna, ya fito a matsayin abin sayarwa, a kan lokaci, kuma ba tare da ɓarna ba. A gidan burodi: buhu nawa za a kwaɓa yau, ƙarfe nawa za a kunna wuta, wa zai auna, wa zai zuba a leda, ƙarfe nawa mai kai wa masu shayi zai tashi. Duk mai gidan burodi yana wannan aiki, ko ya rubuta ko bai rubuta ba. Wanda ya rubuta ne dai yake gane inda kuɗinsa ke zurarewa.

Yaya ake raba kuɗaɗen da ake kashewa?

Kashi biyu ne. Akwai wanda ke tafiya da yawan abin da ka yi: fulawa, sukari, bota, yis, gishiri, leda. Ka ninka burodi, su ma su ninka. Akwai kuma wanda ba ruwansa da ko ka yi aiki ko ba ka yi ba: hayar gida, albashin maigadi da direba, kuɗin rajista da haraji, da tsufan inji. Wannan na ƙarshe shi ne aka fi mantawa, saboda ba wanda ke zuwa karɓarsa a ƙarshen wata. Injin kwaɓa yana cinyewa a hankali, kuma ranar da ya tsaya cak, in ba ka ware masa komai ba, uwar kuɗi za ka taɓa ko ka ci bashi.

Haka ma ladan mai gidan. Idan kai ne ke tsayuwa tun asuba a kan aiki, ka yanka wa kanka albashi ka saka shi a lissafi. In ba haka ba, abin da kake kira riba ladan wahalarka ne kawai.

Ta yaya zan san yawan da dole in sayar kafin in fara cin riba?

Ga misali da alƙaluman da na ƙaga don sauƙin lissafi, ba farashin kasuwa ba ne. A ce kuɗin da ba ya motsi naira 600,000 ne a wata. Kana sayar da burodi ɗaya naira 1,000, kayan haɗinsa da ledarsa sun ci naira 800. Kowane burodi ya bar maka naira 200 ke nan. Raba 600,000 da 200, ka samu 3,000. Sai ka sayar da guda 3,000 a wata, wato 100 a kullum, kafin ka fita daga faɗuwa. Riba tana farawa ne daga na 3,001.

To a ce fulawa ta tashi, kayan haɗi suka koma naira 850. Naira 50 kacal aka ƙara, amma saura ya zama 150, kuma yanzu guda 4,000 kake buƙata. Nan ne mutane ke ruɗewa: ciniki bai ragu ba, tanda ba ta huce ba, amma kuɗi ba ya taruwa. Abin da ya faru da masana'antu da yawa ke nan bayan cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023, da kuma ƙarin kuɗin wuta ga masu rukunin A, wato waɗanda aka fi ba wuta, a watan Afrilun 2024. Duk wanda bai sake lissafi ba a lokacin, ya daɗe yana sayarwa a kan tsohon farashi yana cin jarinsa bai sani ba.

Ashe ba ƙara yawan kaya ne maganin ba?

In akwai mai saye, ƙwarai kuwa, domin haya da albashi suna rabuwa a kan kaya masu yawa. In babu, kwantai ka ƙara wa kanka. A misalinmu, idan cikin guda 100 biyar suka dawo, ka kashe 80,000 ka karɓi 95,000. Maimakon 20,000 sai 15,000 ta rage. Burodi biyar sun tafi da kashi ɗaya cikin huɗu na abin da ya kamata ka samu.

Taiichi Ohno, injiniyan da ya tsara salon aikin kamfanin Toyota a Japan, ya kasa ɓarna gida bakwai, kuma ya ɗauki yin kaya fiye da buƙata a matsayin mafi muni, saboda ita ke jawo sauran: ajiya, ɗauke-ɗauke, da kuɗin da ya kwanta. Daga nan tsarinsu na kawo kaya daidai lokacin da ake buƙatarsa ya fito. Amma ban ga hikimar kwaikwayonsa ido rufe ba. Wanda yake sayen fulawa a kasuwar Singa ta Kano, farashi na hawa, mota na iya makara, dole ya yi 'yar ajiya. A ɗauki darasin wajen abin da aka gasa, wanda kwana biyu zuwa uku ke lalata shi, a sassauta wajen ɗanyen kaya da ke jure ajiya.

In na samu kuɗi, wane inji zan fara ƙarawa?

Wanda aiki ke cushewa a gabansa. In tanda kwano 200 take ɗauka a zubi ɗaya, sabon injin kwaɓa ba zai ƙara maka ko burodi ɗaya ba, sai dai kwaɓi ya zauna jira har ya wuce kumburi. Ka tsaya ka duba inda kaya ke taruwa da inda ma'aikata ke zaman jira.

Inganci ba ƙarin kashe kuɗi ba ne?

Ya danganta da abin da ka fahimta da inganci. Ba tilas ba ne kayanka su zama mafi tsada a gari. Abin da mai shayi ke so shi ne na yau ya zama kamar na jiya, nauyi ɗaya, laushi ɗaya, ya iso kafin masu karin kumallo. Wannan kuwa sikeli ne, da agogo, da takardar da aka rubuta ma'aunin kowane kwaɓi aka manna a bango, don kada aiki ya dogara da ƙwaƙwalwar mutum ɗaya wanda ran da ya yi tafiya komai ya rikice.

Kuskure yana ƙara tsada gwargwadon nisan da ya yi. In aka gane fulawa ta yi ɗanshi tun a buhu, mayar da ita za a yi. In sai bayan gashi, an yi asarar sukari da bota da itace da lokaci. In kuwa sai a teburin mai shayi, har abokin ciniki an rasa. W. Edwards Deming, Ba'amurken da ya koyar da masana'antun Japan tun daga 1950, ya nace cewa yawancin lahani daga tsarin aiki yake fitowa, wanda ke hannun shugabanni, ba daga sakacin ma'aikaci ba. A Toyota ma kowane ma'aikaci yana da ikon tsayar da layin haɗa mota in ya ga matsala. A wurinmu kuwa yaron da ya ce kwaɓi bai yi ba sau da yawa tsawa yake sha, gobe kuma sai ya yi shiru.

Mene ne aikin hukuma a ciki?

A Najeriya, NAFDAC, wadda aka kafa a 1993, ita ke rajistar abinci da abin sha da aka sarrafa, ta kuma duba wurin aiki. Hukumar SON, mai kula da ingancin kaya, ita ke fitar da ƙa'idojin kaya. Takardar ISO 9001, wadda aka fara fitarwa a 1987, shaida ce kan tsarin tafiyar da aiki, kuma masu hulɗa da manyan kamfanoni ko fitar da kaya waje ne suka fi buƙatarta. Ƙaramin gidan burodi bai buƙatar farawa da ita. Abin da ya wajaba ya sani shi ne NAFDAC ta haramta sinadarin buromet, wanda ke sa burodi ya kumbura ya yi kyaun gani, saboda illarsa ga lafiya.

Kaya sun yi tsada: in ƙara farashi ko in rage girma?

Kafin duka biyun, ka auna ɓarna na mako guda: wanda ya ƙone, wanda ya dawo, wanda aka ci, da bashin da ke wajen dillalai. Sau da yawa naira 50 ɗin da ta ƙaru a misalinmu tana nan a ɓoye. In ka toshe duk wannan lissafi bai fita ba, ka ƙara farashi, ko ka fito da ƙaramin burodi da nasa farashin, kowa ya ga abin da yake saye. Rage nauyi a ɓoye a cikin leda ɗaya tauye mudu ne, kuma mai shayin da ya saba yanka burodi gida huɗu zai gane tun a yankan farko.