Kilarik mai sadaukarwa a Dungeons & Dragons: ran wa ake kashewa?

Maganar reshen sadaukarwa na kilarik tana yawo tsakanin masu buga Dungeons & Dragons, wasan ƙagaggen labari da kowane ɗan wasa ke riƙe da jarumi ana jefa dais, kuma rabin abin da ake faɗa ji-ta-ji-ta ce. Wasu sun ce wanda ya zaɓe shi zai riƙa yanka jaruman abokan wasansa don ya ƙara ƙarfi. Wasu sun ce da ya yi amfani da ikonsa sau biyu, jarumin ya mutu ke nan, sai a yaga takardarsa. Akwai jagororin wasa, wato masu tafiyar da labarin da yanke hukunci, da ke haramta shi tun kafin su karanta layi ɗaya.

Kilarik dai jarumi ne da ke samun ikonsa daga wani abin bauta na cikin ƙagaggen labarin. A dokokin 2014 yana zaɓar reshensa, wato fannin da zai ƙware a kai, tun matakin farko, a na 2024 sai mataki na uku. Littafin 'yan wasa na 2014 ya zo da rassa bakwai, irin su Rai, Haske da Yaƙi, babu sadaukarwa a cikinsu. 'Yan wasa ne ke tsara ta da kansu, don haka ba ta aiki sai jagora ya yarda, kuma wasannin hukuma na Adventurers League ba sa karɓar ƙirƙirar gida.

Kalmar ce ta rikita mutane. Sun ji sadaukarwa sun ɗauka hadaya ce, alhali abin da ake nufi sadaukar da kai ne. Kilarik makin ransa yake kashewa, wato makin da ke auna yawan illar da zai iya jurewa, ba na wani ba. Hanya mafi sauƙi ta gane haka ita ce duba sihirin hukuma da irin wannan reshe ke kwaikwayo, wato Life Transference, wanda ya fito a 2017. Kilarik yana jefa dais huɗu masu fuska takwas, abin da ya fito a cire daga makinsa, sannan wani da ke cikin tazarar ƙafa 30 ya samu ninki biyu na wannan adadi. Matsakaicin jifa 18 ne: ka rasa 18, abokinka ya samu 36.

Sai sharaɗin wannan sihiri da ke tayar da gardama, wanda ya ce ba a rage wannan illa ta kowace hanya. Mutane na karanta shi kamar hukuncin kisa, ba haka ba ne. A dokar gama-gari, jarumin da ke da juriya ga wani nau'in illa rabi kawai yake sha. Jinsin Aasimar, alal misali, suna da juriya ga irin illar da wannan sihiri ke yi. To sharaɗin cewa yake: a nan babu ragi, kowa ya biya cikakke. A Life Transference ma hakan ba cuta ba ce, tunda warakar tana bin adadin illar. Da an raba illar biyu, da warakar ma ta rabu. Inda sharaɗin ke da haƙori shi ne a rassan gida, waɗanda sukan ba da lada tsayayye. Idan marubucin ya manta da shi, sai wani mai wayo ya haɗa juriya, ya ci riba ba tare da ya ji zafi ba. Ni a ganina reshen da babu wannan layi bai cancanci sunansa ba.

Makin wucin-gadi fa, wato ƙarin makin da jarumi kan samu na ɗan lokaci a kan makin ransa? Karatuna shi ne suna shanye illar, domin ba rage ta suke yi ba, su ake fara cirewa. Amma a tambayi jagora kafin a fara, kada a bari sai ana tsakiyar faɗa.

Batun mutuwa kuwa lissafi ne. Kaiwa sifili ba mutuwa ba ce, suma ce, daga nan sai jifan tsira: nasara uku ka tsaya, faɗuwa uku ka tafi. Mutuwar nan take ta hanyar illa tana faruwa ne kawai idan illar da ta yi saura bayan sifili ta kai iyakar makinka gaba ɗaya. Kilarik a mataki na biyar, lokacin da yake fara samun wannan sihiri, mai ƙarin lafiya 2 (wato ƙarfin jikinsa na ƙara masa maki 2 a kowane mataki), yana da maki 38 a lissafin da aka saba. Mafi girman jifa 32 ne. Ko da maki ɗaya ya rage masa, ba zai mutu nan take ba. Wanda ba shi da ƙarin lafiya, mai maki 28, shi ne ke cikin ɗan haɗari: idan saura masa 4 ya jefa 32, ya tafi. Yiwuwar wannan jifa ɗaya ce cikin 4,096.

Haɗarin gaske yana wani wuri da ba a cika magana a kai ba. Duk illar da ka sha tana tilasta maka jifan riƙe hankali idan kana riƙe da wani sihiri mai buƙatar ka tsayar da hankalinka a kansa, kuma dole ka kai 10 ko rabin illar, duk wanda ya fi yawa. Wato kana iya ceton mutum ɗaya ka saki sihirin da ke kare kowa. Sannan idan ka suma, mai warkarwar ne ya kwanta.

Haka Warding Bond yake, wani sihirin hukuma da ke ɗaure ka da abokinka: abokinka ya samu juriya ga kowace illa na awa ɗaya, kai kuma kana shan daidai abin da ya sha, kuma igiyar tana tsinkewa idan kun yi nisa fiye da ƙafa 60 ko ka kai sifili. Nan ne nake ganin nauyin ya yi wa kilarik yawa a ƙananan matakai, domin yana samun sihirin tun mataki na uku, lokacin da makinsa bai wuce ashirin da 'yan kai ba, kuma abokin da ya ɗaure kansa da shi ne ke yanke shawarar yawan dukan da za su sha.