Waiwaye: Letchworth, garin lambuna da rigimar mallakar ƙasa

Kimanin kilomita 55 arewa da Landan, a yankin Hertfordshire na Ingila, akwai wani gari mai mutane sama da 33,000 da ake kira Letchworth. Baƙo in ya fito daga tashar jirgin ƙasa, abin da zai fara cika masa ido shi ne itatuwa jere a bakin tituna, da gidajen da shingen tsirrai ya raba maimakon katanga, kusan kowanne da lambunsa gaba da baya. In aka bi salsalar garin, za a tarar lambunan nan sun kawo yau ne albarkacin wani tsari na mallakar ƙasa, tsarin da aka sha kokawa a kansa har magana ta kai majalisar dokokin Birtaniya.

Mai tunanin tun farko shi ne Ebenezer Howard, haifaffen Landan a 1850. Yana saurayi ya tafi Amurka ya gwada noma a Nebraska, abin bai karɓe shi ba, ya zauna Chicago na wasu shekaru, sannan ya komo gida ya zama akawu mai rubuta muhawarar majalisa. Landan ta lokacin ta cika ta batse. Iyali guda a ɗaki guda, hayaƙin kwal ya turnuƙe sama, tarin fuka na ta ɗibar mutane. Ƙauyuka kuwa suna zama kufai, domin alkama mai araha da ake shigowa da ita daga Amurka ta karya manoman Ingila. A 1898 Howard ya fitar da wani ɗan littafi yana cewa a daina ƙara wa Landan unguwanni, a tafi karkara a kafa sababbin garuruwa. Lissafinsa shi ne mutum 32,000 a kowane gari: 30,000 a kan eka 1,000 ta tsakiya, sauran 2,000 a gonaki eka 5,000 da za su yi wa garin ƙawanya, kuma ba za a taɓa gini a kansu ba.

Zuciyar maganar tasa kuɗin ƙasa ne. A sayi fili a farashin gona. Da zarar jama'a sun taru, an ja titi da ruwa, darajar filin za ta ninka, kamar dai yadda fuloti a bayan gari ke tashi ranar da aka ji za a shimfiɗa kwalta. To wa ya kamata ya ci wannan ƙari? Howard ya ce mutanen da zamansu ya jawo shi. Saboda haka ƙasa ta zauna a hannun amintattu, mazauna su riƙa biyan haya, a biya masu jari riba ƙayyadadda, abin da ya saura a zuba shi a hidimar gari.

Ba shi kaɗai ke wannan tunani a zamanin ba. Ya ɗebo wani ɓangare daga Ba'amurke Henry George, wanda ra'ayinsa ya iso har Arewacin Najeriya. Gwamnan mulkin mallaka na Arewa, Percy Girouard, ya karkata ga wannan ra'ayi, kwamitin filaye na 1908 kuma akwai ɗan majalisar Birtaniya Josiah Wedgwood a ciki, mabiyin George ne na gaske. Daga nan dokar 1910 ta fito, wadda ta sa ƙasar Arewa a ƙarƙashin ikon gwamna da sunan riƙe ta domin jama'a. Bambancin babba ne: a wurinmu ba a tambayi jama'ar ba, kuma amanar ta faɗa hannun mai mulki.

A 1903 aka kafa kamfanin First Garden City Limited, ya sayi kusan eka 3,800 a tsakanin tsofaffin ƙauyuka uku, Letchworth da Willian da Norton. An ƙayyade ribar masu hannun jari a kashi 5 cikin 100. Masu zanen gini Barry Parker da Raymond Unwin suka tsara garin, kuma a nan ne lambu ya shigo da gaske. Ƙa'idarsu ita ce kada gidaje su wuce 12 a eka ɗaya, a juya fuskar gida inda hasken rana zai shiga, a bar wa kowane magidanci filin da zai shuka dankali da kabeji da albasa. Sun bi tsofaffin itatuwa da shingayen gonaki suka karkata tituna domin kada a sare su, suka kuma riƙa bai wa titi nau'in itacensa daban da na maƙwabcinsa. A 1905 aka yi baje kolin gidaje masu araha, sharaɗin shi ne kuɗin gina gida kada ya wuce fam 150. Dubban mutane suka yi tururuwa daga Landan su gani, kuma da yawa daga cikin gidajen suna nan tsaye ana zaune a ciki.

Mazaunan farko mutane ne masu ra'ayin gyara duniya: 'yan gurguzu, mabiya ɗariƙar Kiristanci ta Quaker, masu ƙin cin nama, masu fafutukar ƙuri'ar mata. Jaridun Landan sun sha yi musu ba'a. Amma su ne suka kafa ƙungiyoyin karatu da na wasan kwaikwayo da na lambu waɗanda suka ɗinke baƙin da ba su san juna ba suka zama gari guda. Sau da dama an kaɗa ƙuri'a kan sayar da giya a sabon garin, ana ƙi, har ƙarshen shekarun 1950. A maimakon mashaya, a 1907 aka buɗe Skittles Inn, wurin hira da wasanni inda ba a sayar da barasa. Yau ginin cibiyar karatun manya ce.

Sai dai dole a faɗi inda aka gaza. Kuɗin da aka tara bai kai yadda aka zata ba, masu jari ba su ga ko sisi ba sai 1913. Domin a jawo masu gini da masana'antu, shugabannin kamfanin suka ba da hayar filaye ta shekara 99 a kan kuɗi tsayayye, alhali Howard ya so a riƙa sabunta kuɗin hayar yadda ƙarin darajar zai riƙa komawa asusun gari. A ganina wannan ne babban rauni tun ranar farko. Ga shi kuma leburori da yawa na masana'antun farko ba su iya kama gida a garin ba, sai dai su zo a keke daga garin Hitchin da ƙauyukan kusa. Masana'antu dai sun zo, irin su Spirella mai ɗinka rigunan ɗaure ƙugu na mata, da Kryn and Lahy ta ƙarfe wadda 'yan gudun hijirar Beljiyam suka kafa a lokacin yaƙin duniya na ɗaya.

Bayan yaƙi na biyu aka sassauta ƙa'idar riba, hannun jarin kamfanin ya zama nama ga masu neman kuɗi. A 1960 wani kamfani mai suna Hotel York ya saye mafi rinjayen ikon, kuma kowa ya gane inda aka dosa: a yanyanka ƙasar a sayar wa wanda ya fi tayi. Mutanen gari suka tashi tsaye, ƙaramar hukumarsu ta ja gaba, ɗan majalisar yankin Martin Maddan ya kai ƙudiri gaban majalisa. Dokar 1962 ta karɓe dukiyar daga kamfanin bisa biyan diyya, ta damƙa ta ga wata hukuma ta jama'a daga farkon 1963. A 1995 aka mai da ita gidauniya, Letchworth Garden City Heritage Foundation, wadda har yanzu ke riƙe da gonaki da shaguna da filayen masana'antu, tana mayar da rarar kuɗin haya cikin hidimar gari. Ita ce kuma ke adana takardu da zane-zanen kafuwar garin. Wata doka ta 1967 ta ba masu gidaje damar sayen filin da suke kai, amma a tsofaffin unguwanni har gobe sai ka nemi izini kafin ka tumɓuke shingen gaban gidanka ka zuba siminti domin ajiye mota.

Wanda lambun gidansa bai ishe shi ba, akwai filayen haya na noman kayan miya, al'adar da ta game Ingila. Wata doka ta 1908 ta wajabta wa ƙananan hukumomi samar da su in jama'a sun nema, kuma cikakken kaso ɗaya yakan kai murabba'in mita 250. In ka leƙa irin wurin da rani za ka ga 'yar rumfar katako ta ajiye fartanya da shebur, ga ganga tana tare ruwan sama daga rufi, ga tarin takin ganye a kusurwa, wake ya naɗe sandunan gora. Tsoho mai fansho da matashiya mai goyo suna musayar iri ta kan shinge. A garuruwa da dama sai mutum ya yi shekaru a layi kafin ya samu kaso.

Howard ya rasu a 1928 a Welwyn, gari na biyu da ya kafa a 1920. Burinsa shi ne kowa ya yi aiki a garin da yake kwana, amma yau jirgin safe na cika da masu tafiya aiki Landan da Cambridge, farashin gidaje kuma ya fi ƙarfin 'ya'yan garin da yawa. Wannan ne ya haifar da taƙaddamar yanzu. Tsarin gine-gine na yankin North Hertfordshire da aka amince da shi a 2022 ya ware wani yanki na gonakin arewacin garin domin gina gidaje kusan 900, kuma filin na gidauniyar ne. Masu goyon baya na cewa matasa na buƙatar muhalli, kuɗin kuma gari zai koma. Masu adawa na cewa waɗannan gonaki su ne ƙawanyar da aka yi alkawarin ba za a taɓa ba tun 1903.